Fitilar Motar Yaya

Ni mai gyaran wutar mota ne, kuma ba na son a zo min da zancen aljanu a gareji. Duk wanda ya ce min motarsa ba lafiya ba ce, akwai hannu a ciki, nakan ce masa ƙwarai akwai hannu, na wani gwani ne da ya riga ni taɓawa ya ɓata. In ba haka ba, to waya ce ta tsinke ko soket ya yi tsatsa. A kan wannan ra'ayin nake har ranar da matar Yayana ta shigo min da motarsa.

Yaya mai walda ne, Allah ya jiƙansa. Dogo ne irin wanda sai ya sunkuya yake shiga ɗaki, ni ma na ɗebo tsawon, sai dai ban ɗebo haƙurinsa ba. A wurin aikinsa ya faɗi da rana tsaka, zuciya ce, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ni na je rufe shagon washegari. Na tarar da motar a ciki, ƙofar direba a buɗe, ga wani ɗan gwangwanin baƙin fenti a kan benci shi ma a buɗe, burushi na ajiye a gefensa ko tsoma shi ba a yi ba. Na rufe gwangwanin, na tuƙo motar gida, muka lulluɓe ta da tamfol. Wata da watanni ba wanda ya iya ɗaga tamfol ɗin nan.

Matarsa Anti muke ce mata, ita kuma Auta take ce min har yau, duk da furfurar da ta fara fito min. Gajeriya ce sosai. Yaya yakan tsokane ta cewa ranar da ya fara ganinta sai da ya duba ƙasa sau biyu. Gwajin jini take yi a asibiti, kuma irin mutanen nan ne da ba sa yarda da magana sai sun gani da idonsu a ƙarƙashin madubi. Da kai yara makaranta a motar haya ya ishe ta, sai ta yaye tamfol ta koma tuƙi.

Ranar da ta zo, ko kashe injin ba ta yi ba, ta nuna min allon gaban sitiyari da yatsa. Fitilar ABS ce, 'yar rawayar nan, a kunne. Na yi mata bayani yadda nake yi wa kowa. Kowace taya tana da ɗan sansa a bayanta da ke lura da juyawarta yana kai rahoto wa ƙwaƙwalwar birki. In ka taka birki da ƙarfi a kan santsi, ƙwaƙwalwar ce ke hana tayoyin ƙamewa motar ta ja ka inda ba ka so. In sansa ɗaya ya yi shiru, sai ƙwaƙwalwar ta janye hannunta ta kunna fitila, birki yana nan, amma babu mai taimakonka ranar ruwa. Na ce ƙaramin abu ne, ta je aiki ta dawo da yamma.

Na jona na'urar gwaji, ta ce min tayar baya ta ɓangaren direba, rahoto yana yankewa. Na ɗaga motar a jak, na cire taya, na zaro sansan. Ya kwashi ƙurar ƙarfe a bakinsa, na goge shi tas, na wanke zoben ƙarfe mai haƙora da ke juyawa da taya, wanda yake kallo, na mayar. Na share laifin daga na'ura, na shiga na zaga da motar har bayan gari. Fitila ba ta ko ƙifta ba. Da Anti ta zo na miƙa mata makulli ina hura hanci, na ce mun gama. Ba ta kai ƙarshen layinmu ba ta juyo. Fitila ta dawo.

To, sansa ya gaji ke nan, na ce. Na sa sabo, na gwada, lafiya lau. Ta ɗauka, ta dawo da ita washegari. Na ce ƙila sabon na bogi ne, kasuwa ta lalace, na samo wani daga hannun wanda na yarda da shi. Haka dai. Na auna wayar da mita tun daga taya har ƙwaƙwalwa, wuta tana wucewa sumul. Na kama kowane soket na girgiza, na fesa mai, na matse bakinsa. Maƙwabcina kanike, wanda muke kira Tsoho, ya leƙo, ya zaga da ita shi ma, ya ce boris ne, wato abin da taya ke juyawa a kansa, ya yi wasa, zoben yana kaucewa. Ban yarda ba, amma na canja boris ɗin don in huta da bakinsa. Sai ya koma cewa ƙwaƙwalwar ce ta haukace. Na aro wata daga irin motar na ɗaura. Duk abin da na yi, motar takan yi min biyayya kamar ta Allah, in Anti ta karɓa kuma ta koma halinta. Abin ya fara ba ni haushi, har na soma yi wa mota magana da ƙarfi, masu wucewa suna kallona.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba. Ba na son shiga motar nan. Ƙamshin Yaya yana ciki, haɗin sabulu da hayaƙin walda, tamfol ya riƙe shi bai bar shi ya fita ba. Safar hannunsa ta fata tana aljihun ƙofa, yatsun a lanƙwashe yadda ya cire ta. In na zauna na daidaita madubi, idanuna nake gani, amma idanunmu iri ɗaya ne ni da shi. Nakan tuƙa ta ina jin kamar wani na zaune a bayana yana jiran in yi kuskure ya yi gyaran murya. Ni da nake yi wa mutane dariya, sai ga ni ina kunna rediyo don kada in ji shirun motar.

Ana cikin haka aka yi ruwan sama da safe. Anti na kan hanyar makaranta da yaran biyu a baya, wani mai babur ya faɗo gabanta, ta danne birki, motar ta ja da gefe har sai da ta daki bakin kwalbati. Ba wanda ya ji ciwo, Allah ya kiyaye, amma labari ya kai kunnen Innarmu. Inna ta kira ni ta wanke ni tas. Ta ce ta rasa ɗa ɗaya, ba za ta zuba ido motarsa ta ɗauke mata jikoki ba, a sayar da ita ko a kai ta bola, kuma in ni ne na kasa gyarawa in faɗa da bakina.

Na je gidan Yaya da yamma in isar da saƙon. Anti na zaune a falo da kayan aikinta ba ta ko cire ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tura yaran ɗaki.

"Auta, ba wayar da kake nema ba ce," ta ce. "Shi ne."

Na buɗe baki zan yi irin maganata, ta ɗaga min hannu. Sai ta ba ni labarin safiyar ranar da Yaya ya rasu. Ita ta yi amfani da motar kafin ranar, ta bar kujera a gaba can, da matashin da take sakawa a bayanta don ƙafarta ta kai birki. Yaya ya shiga da sauri ya buga gwiwa a sitiyari, ya fito yana faɗa, wai sau nawa zai ce a riƙa mayar masa da kujerarsa. Ita kuma ranar ta tashi da nata. Ta ce masa shi gwiwarsa kawai ya sani, ita kullum da kan yatsu take taka birki, ko kujerar ta kai ƙarshe ba ta isa, wata rana za ta kashe masa 'ya'ya a titi sannan hankalinsa ya kwanta. Ta ce ya tafi da motarsa, Allah ya sa kada ta ƙara shigarta. Tunda suka yi aure, in zai fita yakan ce sai na dawo, ita kuma ta ce Allah ya tsare hanya. Ranar ma ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa. Ta juya masa baya ta ci gaba da wanke kofi.

"Kai in ka shiga ba ta kunnuwa," ta ce. "Tsoho ya tuƙa, ba ta kunnu ba. Ni kaɗai. Da bakina na ce kada in ƙara shigarta, kuma da fushina ya tafi. In aka sayar da motar nan haka, har in mutu ba zan san ko ya yafe min ba."

Matar da ke duba jinin mutane ta gaya musu gaskiyar ciwonsu ce ke wannan maganar, kuma ba kuka take yi ba, da ta yi kuka ma da ya fi min sauƙi. Na ce ta ba ni dama ɗaya, gobe mu fita tare, ita ta tuƙa ni in riƙe na'ura.

Da hantsi muka fita. Na zauna a gefenta, na'ura a cinyata tana nuna gudun tayoyin huɗu, kowace da layinta. Muka bar gareji, lambobi huɗu suna hawa tare. Muna taka wani ɗan tudu a titi sai lambar tayar bayan nan ta faɗo sifili. Mota na tafiya, ina jin ƙarar tayar a kan kwalta da kunnena, amma na'ura ta ce tayar nan a tsaye take, ba ta motsi. Fitila ta kawo. Anti ba ta ko kalle ta ba, ta ce min ka gani. Na ce ta tsaya mu yi canji. Na zagayo na shiga, na share laifin, na koma na bi ta kan tudun nan, na sake bi, na nemi ramuka ina faɗawa da gangan. Tayoyi huɗu suna tafiya tare kamar ba su taɓa saɓawa ba. Na kalli safar hannun nan a aljihun ƙofa, na ɗauke kai da sauri.

Muka dawo gareji. Na fito na bar mata wuri, na riga na fara shirya yadda zan ce wa Inna na kasa. Anti ta zauna, ta miƙa ƙafa ba ta sami komai ba, ta sunkuya tana laluben ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera. Ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji, ta ce duk halinmu ɗaya, ni ma ban taɓa mayar mata da kujera ba. Ta ja ta gaba, ƙarfe ya zame, ya zame, ya ce ƙas.

Na tsaya da makullin gareji a hannu kamar an dasa ni. Kowane mai gyara, kafin ya sa makulli, kafin ma ya yi bisimilla, hannunsa ke zuwa ƙarƙashin kujera ya tura ta baya. Ba ma sanin mun yi. Ni dogo, Tsoho ƙaton ciki gare shi, duk wanda ya gwada motar nan sai da ya fara tura kujera baya, wato sai mun cire ciwon da hannunmu sannan mu fara nemansa. Duk awon da na yi da mita, kujera tana can baya na yi shi. Ban taɓa gwada motar da Anti ke tuƙawa ba.

Na ce ta zauna yadda take kada ta motsa. Na ɗauko mita na jona a wayar sansan. Wuta na wucewa. Na ce ta ɗan yi tsalle a zaune. Ta harare ni, amma ta yi. Allurar mita ta faɗi. Na ce ta sauko, na durƙusa a bakin ƙofa da tocila, na leƙa ƙarƙashin kujerar.

Kujerar mota tana gudu ne a kan layukan ƙarfe biyu, kowane da ɗan maƙari a ƙarshensa inda kamfani ya ce iyakar ke nan. A wannan motar an yanke maƙaran. An ƙara wa kowane layi guntun ƙarfe kamar tsawon tafin hannu, an huda sababbin ramuka, an sa sabon maƙari a gaba. Na ɗaga kafet. Daidai ƙarƙashin guntun da ke gefen ƙofa, damin wayoyin da ke tafiya bayan mota ya bi ta nan. In kujera ta zo ƙarshe kuma mutum na kai, sai bakin ƙarfen ya sauka ya danne damin. Ya ci kafet, ya ci tef, ya ci rigar wata siririyar waya har jan ƙarfenta ya fito. Wayar sansan baya ce.

Ya kamata in yi murna, amma ba wayar nake kallo ba, waldar nake kallo. Na san hannun Yaya kamar yadda na san muryarsa. Ɗinkinsa ƙanana ne a jere, kowane ya hau kan ɗan'uwansa, kuma a ƙarshe yakan ɗan komo baya ya rufe bakin. Babu mai yin haka sai shi. Sannan waldar tsirara take, tsatsa ta fara yi mata ja. Yaya bai taɓa barin aikinsa ya kwana ba fenti ba, ya sha zagina a kan haka tun ina yaro. Sai gwangwanin nan ya faɗo min a rai, da burushin da ba a tsoma ba, da ƙofar direba a buɗe.

Na tambayi Anti ina matashin da take sakawa a baya. Ta ce tunda ta koma tuƙi ba ta neme shi ba, ba ta ma tuna da shi ba, ta ɗauka sabo ne ya sa ƙafarta take kaiwa. Na tambaye ta ko ranar da ta tuƙa motar ta ƙarshe kafin rasuwar kujerar tana zuwa nan. Ta ce ina, ai a kan haka suka yi faɗan.

Na miƙa mata tocila. Ta tattara zanenta ta durƙusa a kan simintin garejin nan mai baƙin mai, ta leƙa. Na nuna mata inda ƙarfen kamfani ya ƙare da inda nasa ya fara. Na gaya mata abin da na tarar a shago. Na ce da ya bar gida bai fara aikin kowa ba, kujerar nan ya cire ya ƙara mata tsawo, ya mayar, ya buɗe fenti. Da ya sami sauran ranar, da ya gwada ta ya ga tana taɓa waya ya kawar da ita, don ba ya aikin rabi. Lokacin ne bai samu ba.

Ta daɗe a durƙushe. Ta sa yatsa ta bi ɗinkin waldar daga farko har inda ya komo baya ya rufe, tsatsa ta shafar mata yatsa.

"Ya auna daidai," ta ce a hankali. "Ko tambayata bai yi ba."

Na yanke inda wayar ta ci, na haɗa da dalma, na sa mata sabuwar riga, na ɗauke damin gaba ɗaya na bi da shi ta jikin bango inda ƙarfe ba zai same shi ba, na ɗaure. Aikin da ya hana ni sukuni tsawon lokacin nan, ban ko yi gumi ba na gama shi. Da na ɗauko fenti zan shafa wa waldar, Anti ta riƙe min hannu. Ta ce waya dai in gyara saboda yara, amma wannan in bar shi yadda ya bar shi. Na ce zai yi tsatsa. Ta ce ya yi.

Wannan karon ban shiga ba. Na ce ita za ta gwada, da kujerarta a inda take. Ta zauna, ƙafarta ta sauka a kan birki gaba ɗaya, ta murɗa makulli. Fitilar rawaya ta kawo. Na ga kafaɗunta sun ƙame, na yi saurin ce mata ta jira, haka kowace mota take yi in an tayar da ita, takan kunna fitilar ta duba tayoyinta, in ta ji kowa ya amsa sai ta kashe. Ban rufe baki ba fitilar ta mutu.

Ta zauna tana kallon wurin da fitilar take, hannayenta biyu a kan sitiyari. Ta tambaye ni ko kullum za ta riƙa kawowa haka ta ɗauke. Na ce kullum, duk safiya. Ta gyaɗa kai. Sannan ta kashe motar ta sake tayarwa, fitila ta kawo, ta ɗan tsaya, ta tafi.

"Allah ya tsare hanya," in ji Anti, ba da ni take ba.

Na ce mata bari in duba wani sufana da na bari a baya. Na zagaya bayan gareji inda muke tara tsofaffin tayoyi, na tsaya a nan har na ji ta ja motar ta fita.